Lemon Tsamin da Na Matse a Injamena

Tun da na dawo daga Injamena ba a bar ni na sha ruwa ba. Mai zuwa sayen zoɓo sai ta tambaya, mai zuwa karɓar kunun aya sai ta tambaya, har waɗanda rabon su da gaishe ni tun bikin 'yata sun tuno hanyar gidanmu. "Asabe, ya Chadi? An ga Auta? Wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na faɗa wa sai ta ƙara nata gishirin kafin labarin ya kai bakin layi. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a ƙyale ni na ji da tukwanena.

Ga waɗanda ba su sani ba, Auta ƙanena ne, Mustafa sunansa na yanka, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu kuma shi ne ɗan lelen Inna. Shekarun baya ya tashi zai bi ta ƙasa zuwa Saudiyya neman aiki. Aka yi masa addu'a, aka raba goro, samarin unguwa har sun fara ce masa Alhaji. Yana isa Chadi yaƙin Sudan ya toshe gaba, sai ya tsaya a Injamena, ya ce mana ya samu aiki a kicin ɗin wani otel. Muka ce Allah ya sa albarka. Ana nan sai wani mai kai atamfa can ya dawo, maimakon ya kwanta ya huta gajiya, ya wanke ƙafa takanas ya zo gaban Inna ya ce shi da idonsa ya ga Auta tsaye a bayan kanta, kwalaben giya jere a bayansa, yana girgiza gwangwani. Har yau ba wanda ya tambayi mutumin nan me ya kai shi wurin.

Tun daga ranar Inna ba ta sake ɗaukar wayar Auta ba. Ya kira ya gaji, ya turo saƙon murya ta ce a goge. Da abin ya ishe ta sai ta kira ni ɗaki. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, don haka cewa ta yi, "Ke, ki shirya ki je ki gano min. In ƙarya ce, alhamdu lillahi. In gaskiya ce, ni ba ni da ɗa a Chadi." Na ce Inna ga sana'a, ga yara, ga hanya ba lafiya. Ta ce ita ba shawara take nema ba. Washegari na tarar ta daka yaji cikin leda babba, wai na kai wa masu masauki, alhali duk gidan mun san waye ba ya cin abinci sai da yajinta.

Daga Kano zuwa Maiduguri ba ni da abin faɗa, sai ciwon baya da shingaye. A Maiduguri, a tashar motocin Gambaru, aka haɗa mu a wata mota mai cin mutum bakwai, aka cusa mana mutum goma sha ɗaya da buhunan albasa. Kusa da ni wata 'yar Barno ce mai sayar da turaren wuta, Ya Falmata, wadda ta ce ta fi sanin hanyar nan a kan hanyar gidan mijinta. Ita ta koya min na raba takarduna gida biyu, na daina amsa tambayar da ba a yi min ba. Muka bi jerin motoci da rakiyar sojoji, kowa bakinsa da addu'a. Da muka tsallaka gada muka shiga Fotokol, ƙasar Kamaru ke nan, sai na ce mata, "To alhamdu lillahi, mun wuce wahalar." Ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki.

Hanyar Fotokol zuwa Kusuri ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera. A wani rami motar ta daka tsalle, buhun albasa ya sauko a kan jakata, ledar yajin Inna ta fashe. Jama'a, ban taɓa ganin mutum goma sha ɗaya na atishawa lokaci guda ba. Direba ya taka birki ya fita da gudu yana hawaye, wani dattijo yana salati yana tari, wata mata tana zagina da yaren da ban sani ba amma na fahimce shi sarai. Ana cikin haka muka iso wani shinge, wani mai kaki ya zuro kai ta taga zai nemi takarda, ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya ya ɗaga mana hannu mu wuce. Ya Falmata ta ce daga yau duk tafiyar da za ta yi sai ta ƙullo yaji. Ni dai ban yi dariya ba, don rabin saƙon Inna ya tafi a hancin mutane.

A gadar da ke tsakanin Kusuri da Injamena kuma aka sauke mu, aka zazzage kaya, aka yi min tambayoyi da Faransanci na amsa da Hausa, aka sake da Larabci na sake amsawa da Hausa. Larabcin nasu ma ba irin wanda muka koya a Islamiyya ba ne, kalma ɗaya nake tsinta cikin goma. Ya Falmata ce ta fid da ni, sannan ta sa ni a tasi ta faɗa wa direba Kilemat.

Kilemat unguwa ce ta shaguna a tsakiyar gari, kuma a can Auta ya ce zan sauka, gidan wani dattijo Baba Haruna da matarsa Hajja Kaltuma. Hausawa ne, amma a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu. Hausarsu tana nan daram, sai dai kowace jimla da ɗan Larabci rataye a wuyanta. Gaisuwa kuwa, mu Kano muna ganin mun iya, ashe wasa muke. "Lale, lale! Afe? Afe tayyibin? Ya hanya? Afe? Ya mutan gida? Afe?" Ka amsa, a koma farko. Ina tsaye da jaka a ka, ƙafata ta kumbura, aka yi min afe, wato lafiya, ya fi a ƙirga kafin a nuna min tabarma.

Tsakani da Allah sun karrama ni. Aka kawo aish, wato tuwonsu, da miyar kuɓewa busasshiya da busasshen nama da suke cewa sharmut. Aka kawo shayi ja a ɗan kofin gilashi, sukari kamar da gayya aka zuba. Aka kawo zoɓo, su karkanji suke ce masa, na kurɓa na yi shiru don ni baƙuwa ce, amma da a rumfata aka haɗa shi da ban sayar ba. Da yamma Hajja Kaltuma ta naɗa min laffaya ta turara ni har na fara ganin jiri.

Can sai ga Auta. Ya sha farar shadda da hula, ƙamshi na tashi, ya durƙusa har ƙasa. "Yaya, sannu da hanya. Ya Inna?" Na dube shi, ya ɗan rame, gemu ya fito masa, sai na ajiye faɗan da na ƙullo tun daga Kano a gefe. Na ce Inna tana nan yadda ka bar ta, gobe ka kai ni wurin aikinka. Ya ce, "Ba matsala, Yaya. Ambakir in sha Allah." Na tambaya, aka ce ambakir gobe ke nan.

Gari na wayewa Hajja Kaltuma ta ce ai ba zai yiwu ba, ƙanwarta da ke aure a Farsha ta ji an yi baƙuwa daga Kano, ta riga ta ɗora tukunya. A nan, in ji ta, baƙo ba ya ƙin gayyata, abin kunya ne ga mai masaukinsa. Muka tafi Farsha, can yamma inda mayanka take. Mijin mahauci ne. Aka gasa min hanta, aka gasa min naman raƙumi, aka ce sai na ci tozo. Ban dawo ba sai da rana ta faɗi. Auta ya leƙo da hularsa ya ce, "Ayya, Yaya, kin gaji. Ambakir."

Ambakir ɗin kuma sai ga wata tsohuwa wai kakarta 'yar Kano ce, tana so ta ji ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Ambakir ɗin da ya biyo baya aka ɗauke ni zuwa Tukura, bayan gari can kudu, gidan wani mai lambu, tafiyar da sai da na yi zaton an mai da ni Kamaru. Aka cika ni da kifi da kisar, wata 'yar siririyar waina mai tsami. Aka kai ni suna, aka kai ni gaisuwar mutuwar mutumin da ban taɓa jin sunansa ba, na zauna na yi ta amsa "Allah ya ji ƙan rai" kamar 'yar gida. Kowane gida afe, kowane gida shayi, kowace yamma ambakir. Zanina ya fara matse ni, aikin da ya kawo ni kuwa ko ƙofarsa ban gani ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya ina banɗaki na ji Hajja Kaltuma a waya tana cewa, "A'a, jiya ku kuka ɗauke ta, yau na gidan Malam Isa ne. Ku dai riƙe ta har la'asar." Na fito da buta a hannu na tsaya a kanta. Ta ajiye wayar ta fara gyara laffaya. Na wuce zaure wurin Baba Haruna na durƙusa na ce, "Baba, ni kuke yi wa karɓa-karɓa kamar adashi? Uwa ce ta aiko ni, tana can ba ta barci."

Tsohon bai musa ba. Ya juya carbinsa ya ce, "'Yata, zauna. Kakana ya baro Katsina da sanda da buta zai je Makka. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya. Ga kabarinsa can bayan gari. Duk ayarin da zai koma gida sai ya ba da saƙo a ce yana hanya. Mu nan mun san nauyin baro gida da babban suna. Yaron nan mun yi masa faɗa, wallahi mun yi, ni da kaina na nema masa aiki a kasuwa bai ɗore ba. Amma namu ne, ba ma tona wa namu asiri." Na ce Baba na ji, Allah ya saka da alheri, amma ni ma ba zan koma na ce wa Inna yana hanya ba. Sai ya faɗa min sunan otel ɗin.

Bayan azahar na tare ɗan acaɓa, su kalando suke cewa. Yaron ya figi babur kamar an aiko shi ɗaukar rai, ina riƙe da laffaya da hannu ɗaya ina riƙe da raina da ɗayan. Otel ɗin yana bakin kogi. Maigadi ya tare ni, na ce Mustafa nake nema, ya ce babu. Na ce ƙanena ne, ni na goya shi, kuma ba inda za ni. Da ya ga na fara shimfiɗa gefen laffaya zan zauna a bakin ƙofa sai ya nuna min hanya.

Mai atamfa bai yi ƙarya ba. Ga rumfa a gefen wani tafkin wanka, ga kanta doguwa, ga kwalabe jere har sama, ga Autan Inna da farar riga da ɗan baƙin ƙyalle a wuya. Ba shadda, ba hula. Yana ganina wuƙar da ke hannunsa ta faɗi. Na ja kujera mai tsawo na hau da ƙyar, na ce, "Ambakir ta yi." Ya ce, "Yaya, don Allah." Na ce, "Ba ruwan Allah da rufa-rufa. An ce gani ya kori ji. Abin da kake haɗawa za ka haɗa a gabana, na gani da idona na kai wa mai aikena."

Akwai wani tsoho a wurin, shi ne ubangidansa a kantar, Musyu Ngaro, Kirista ne daga kudancin ƙasar, ya yi zaman Maiduguri yana jin Hausa. Ya gaishe ni da ladabi ya zuba min ruwan sanyi, ya ce wa Auta, "Yi mata daikiri ta gani. Ba sha za ta yi ba." Na ce ko a mafarki.

Auta ya ɗauko kofi mai doguwar ƙafa ya cika shi da ƙanƙara ya ajiye gefe, wai ya yi sanyi. Ya ɗauko gwangwanin ƙarfe. Ya auna wata farar giya mai kama da ruwa, awo biyu, ya ce sunanta rom. Ya zuba ruwan lemon tsami awo ɗaya, ruwan sukari dafaffe ƙasa da awo kaɗan, ya cika da ƙanƙara ya rufe. Sannan ya ɗaga ya yi ta girgizawa a kusa da kunnensa har gwangwanin ya yi raɓa. Ya zubar da ƙanƙarar kofin, ya tace abin a ciki, ya yanka lemo siriri ya maƙala a baki. Shi ke nan. Na ce, "Wannan ne? A kan ruwan lemon tsami da sukari ka rabu da uwarka?"

Musyu Ngaro kuwa, kamar jira yake a taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ce Hajiya, wannan abin da kike rainawa ya girme mu duka. Wai daga wani tsibiri ya fito da ake kira Kyuba, can bayan teku, kuma Daikiri sunan wani ƙauye ne kusa da inda ake haƙar tama. Wai wani injiniya Ba'amurke ne ya yi baƙi, abin shan da ya saba ba su ya ƙare, ya ji kunyar ba su giyar 'yan gari tsura, sai ya matsa mata lemo ya zuba sukari da ƙanƙara. Baƙi suka yaba, suna ya bi shi. "Haka ake faɗa," in ji shi, "amma talakawan wurin da ma'aikatan jirgin ruwa sun daɗe suna haɗa rom da lemo kafin a haife shi. Shi dai ya samu ƙanƙara da baƙi masu bakin faɗa." Na ce wannan kam ko a Kano haka ne, mai aiki daban mai suna daban.

Na tambaye shi ita rom ɗin daga me ake yin ta. Ya ce daga rake. In an dafa ruwan rake an cire sukari, baƙin ruwa mai kauri da ya rage shi ake tsimawa a dafa. Na ce wato ragowar mazarƙwaila. Ya ce ita fa. Sannan ya rage murya ya ce masu saran raken nan a zamanin da bayi ne, daga ƙasashenmu aka kwashe su a jiragen ruwa, kuma rom ɗin da suka yi da guminsu ita ake lodowa a dawo da ita gaɓar teku a sayi wasu mutanen. Na dubi kofin nan, fari tas, sanyi na tashi, raina ya ƙara ɓaci. Na ce wa Auta, "Ka ji ko? Abin da aka sayar da mutane a kansa shi kake girgizawa kana murmushi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban taɓa sha ba, Yaya, wallahi ko ɗanɗane. Musyu ne ke ɗanɗanawa." Na ce ai ba mai sha kaɗai aka hana ba, ka fi ni sani.

Muna cikin haka sai ga wata ƙatuwar mota ta sauke baƙi, Turawa da baƙaƙe, wai daga taro suka fito. Suka cika kujerun bakin tafki, kuma kusan duk abin nan suka ce a kawo musu. Ruwan lemon da ke kwalba ya ƙare. Auta ya janyo kwandon lemon tsami daga firji ya fara yanka yana matsawa.

To a nan ne shaiɗan ya same ni, kuma ta ƙofar sana'a ya shigo. Shekara ashirin ina haɗa lemo. Ina zaune ina kallon yaron nan yana ɗauko lemo mai sanyi ƙarara, bai murza ba, ya raba shi ta tsawo, ya sa a abin matse lemo ya danne har ɓawon ya tsage. Na kau da kai. Na sake kallo, ya sake. Ban san lokacin da na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan ɓarnar? Ɗaci kake matsowa!" Na sauko daga kujera, na zagaya, na ture shi. Na sa aka kawo ruwan ɗumi na zuba lemon a ciki ya saki jiki. Na murza kowanne a kan katako da tafin hannu, na yanka ta ciki, na matsa a hankali na tsaya kafin farin ɓawon ya ba da ɗacinsa, na tace 'ya'yan. Na ɗanɗana ruwan sukarinsu na ce wannan ya yi kauri, a rage. Ina yi ina faɗa, ina faɗa ina yi, shi yana karɓa yana aunawa yana girgizawa. Sai da na ga ƙasan kwando.

Musyu Ngaro ya ɗiga kaɗan a bayan hannunsa ya lasa, ya lumshe ido ya ce, "Hajiya, tun da nake a kantar nan ba a fitar da irin na yau ba." Can kuma wata Baturiya ta ɗago kofinta sama tana kallona tana murmushi. Sai a lokacin na dubi inda nake tsaye: bayan kanta, kwalabe jere a bayana, hannuna sharkaf. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na shiga uku. Na wanke hannu da sabulu ban san sau nawa ba, ina istigfari. Auta ya juya baya kafaɗunsa na motsi. Na ɗauka dariya yake, na ɗaga hannu zan kai masa duka, ashe kuka yake.

Muka fita bayan rumfar. Ya ce ya yi dako a kasuwa, ya yi wankin tumbi a Farsha, ya kwana a tasha. Ya ce duk ranar da ya yi niyyar komowa sai ya tuna goron da aka raba da masu ce masa Alhaji. Ya ce yana neman wani aikin, kuma ya san wannan ba hujja ba ce. Na ce ba hujja ba ce kam. Ya ce, "Yaya, kar ki yi mata ƙarya saboda ni. Ki faɗa mata yadda kika gani. Ni dai ta ɗauki waya, ko tsine min za ta yi na ji muryarta." Na ba shi ragowar yajin, na ce ba ni na daka ba. Ya riƙe ledar da hannu biyu.

Komowa ba ta fi zuwa daɗi ba, ramukan suna nan inda na bar su. Duk tsawon hanya ina ƙulla abin da zan faɗa ina kwancewa. Mutanen Kilemat sun cika min jaka da dabino da turare, kowa na cewa na gaida Inna na sassauta. Na san abin da suke nufi da sassautawa.

Na tarar da ita a kan tabarma tana jin rediyo. Ko mayafi ban cire ba na faɗa mata komai: kantar, kwalaben, gwangwanin, rantsuwarsa cewa bai sha ba, kukansa. Da na zo kan lemon tsami na so na tsallake, amma na san hali, in ta ji a bakin wani ya fi muni. Na faɗa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Na aike ki ki gano min ɗaya, kin dawo min da biyu." Daga nan ta ɗauke min magana. Na gaishe ta, ta ɗaga kai. Na kawo abinci, ta nuna inda zan ajiye. Ni da na sha ramuka da shayi da afe, ladan da na samu ke nan.

Na ce ba komai. Na gaya wa Auta ya riƙa kirana kullum bayan azahar kafin baƙi su cika. In ya kira sai na je ɗakin Inna da tiren tsintar zoɓo, na buɗe muryar wayar na ajiye a kan tabarma, mu yi ta hira. Ya ba ni labarin inda ya je neman aiki, na ba shi labarin unguwa. Yana gamawa ya ce a gaida Inna. Ita kuwa tana jin ƙarar wayar take juya mana baya ta fuskanci bango. Sai dai na lura rediyon nan da ba a isa a taɓa mata ba, hannunta kan lallaɓa ya kashe shi.

Masu tambaya ko sun shirya, ba su shirya ba. Bai bar aikin ba tukuna, ita kuma ba ta ɗauki waya ba, ni ma ban ce ta ɗauka ba. Amma shekaranjiya bai kira ba. Na zauna a ɗakin da tirena, azahar ta wuce, inuwa ta juya, aka fara kiran la'asar. Rediyo a kashe, ita tana fuskantar bango. Na tattara zoɓona zan tashi, sai na ji muryar da rabona da ita tun ranar da na dawo, ƙasa-ƙasa, ba ta ko juyo ba.

"Ke, wayar taki babu caji ne?"